Butar Jibrilla

Duk wanda ke ɗaukar tsakuwa a mafasar dutse ta Pissy ya san Jibrilla, direban kamiyo, wato babbar mota, daga Tawa, kuma ya san halinsa. In an zage shi, sai ya yi a'uziyya, ya ɗauki buta ya yi alwala. Haka mahaifinsa ya koya masa: mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya nemi ruwa in abin ya ƙi.

Lassane, wani direban, shi ma ya sani. Ranar Litinin ya tsallake layin lodi ya shiga gaban Jibrilla, sannan ya sauko ya ɗora masa buta a kan bonet. Matan da ke fasa dutse suka kwashe da dariya. Jibrilla ya yi alwalar, ya koma unguwarsu Zongo da mota fanko.

A gida ya zauna, ya kwanta, ya tashi. Tuwo ya ƙi shiga. Nafisatu, matarsa, ta ce in ya ci gaba da alwala haka, ruwan da ta sayo ba zai kai gobe ba. Abin da ke cinsa ba Lassane ba ne. Ya rasa gane ko don Allah yake haɗiye fushi, ko kuwa shi matsoraci ne da ya samu mafaka.

Kwana biyu bai gaida Lassane ba, ga shi ya san bai halatta gaba ta wuce kwana uku ba. Bayan asuba ya tare Malam Aliyu Sani, ladanin unguwa, ya zayyana masa komai. Tsohon ya tambaye shi a ina aka ce mai alwala ya bar wa wani layinsa. Daga nan tsohon ya sa takalmi ya tafi.

Ranar Laraba Lassane ya sake shiga gabansa, butar ma ta dawo bonet. Jibrilla ya ɗauki butar, ya taka har gaban tayar Lassane, ya tsuguna ya yi alwala a nutse, gaɓa bayan gaɓa. Da ya gama, sai ya zauna daram a ƙasa.

Lassane ya danna oda. Ya leƙo ya ce masa da yaren Mooré ya tashi kafin a taka shi.

"Salamu alaikum, ɗan'uwa," in ji Jibrilla. "Fushi nake yi, shi ya sa na zauna. Layin nawa ne."

Motoci suka taru a baya. Gudumar matan ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce wa Lassane ya amsa sallama mana, ko shi ba Musulmi ba ne?

Ya amsa ciki-ciki, ya ja da baya.

Jibrilla ya yi lodinsa, ya kama hanya. Da ya isa gida, ya tambayi Nafisatu ko akwai sauran tuwon jiya.