Ramuka Tara a Jikin Turmi

Ni na matsa wa mijina Rilwanu, ban musa ba. Shekara shida a garin Manassas na Amurka ina cin sakwarar gari, abin ya ishe ni. Da guguwar Yunin 2012 ta kayar da wata busasshiyar bishiya, irin wadda Turawa ke kira oak, a dajin bayan gidanmu, na ce masa turmi nake so, ko ya daina yi mini zancen sakwara. Abokinsa Katung, mai hannun sassaƙa, ya gama shi cikin sati uku.

Na shafe shi da man gyaɗa yadda Innata take yi, na kife shi a ɗakin ƙasa kusa da hita mai ɗumama gida don kada sanyi ya tsaga shi. Wai ni mai dabara.

Cikin Fabrairu na fara jin ƙas-ƙas a cikinsa, ga wani gari-gari yana zuba. Rilwanu ya ce itace ne yake bushewa. Ni dai raina bai kwanta ba.

Wata Talata da hantsi ina ninke kaya a ɗakin, 'yata Afnan mai wata tara tana rarrafe a bayana. Shirunta ya yi yawa. Na waiga, sai na gan ta dafe da turmin, baki a rufe, wani baƙin zare ya fito ta gefen leɓenta. Zaren yana motsi.

Na yar da kayan da ke hannuna. Da gudu na isa gare ta, na matse kumatunta, na zura yatsa. Abin ya cije ni, na fizgo shi. Ƙwaro ne mai tsawon ɗan yatsana, ƙahoninsa sun fi jikinsa tsawo, yana ta ƙii-ƙii a hannuna.

Na kira Rilwanu a waya, na faɗa masa abin da na gani.

"Ƙwarin mataccen itace ne," in ji shi. Sai yanzu ya san da su. "Ɗumin hita ne ya fito da su, sun ɗauka bazara ta yi. Ba su da dafi. Guda nawa kika gani?"

"Ɗaya."

"Duba jikin turmin."

Na juya shi da ƙafa. Sababbin ramuka ne kamar an huda da ƙusa. Na ƙirga tara. Na duba ƙarƙashin kujera, bayan hita, cikin kayan wankin, ban ga ko ɗaya ba.

"Rumasa'u, kina jina?"

Na waiga. Afnan ce ta fara tari, fuskarta tana canja launi.