Hannun Ƙarfe

Don Nicanor ya buga ƙwayar domino a kan tebur har kofunan kofi suka yi tsalle, sannan ya nuna talabijin ɗin kantin da haɓa. An nuno wani majefin besbol, wasan jifan ƙwallo da dukansa da sanda, a Amurka riƙe da gwiwar hannu, ana rako shi daga fili.

"Ga wani ma! Yaran yanzu ƙwai ne, na rantse. A ba su likita, a ba su ƙanƙara, a riƙa ƙirga musu jifa kamar ƙwayar magani, duk da haka jijiya ta tsinke. Mu fa? In yi jifa daga farkon wasa har ƙarshe ranar Lahadi, Litinin da asuba ina gonar rake da adda a hannu."

'Yan teburin sun haddace wannan karatu kamar addu'ar coci. Hannun Ƙarfe ake kiransa a San Pedro lokacin da yake yi wa ƙungiyar kamfanin sukari wasa, kuma gaskiya ne bai taɓa cewa a canje shi ba. Abin da ba ya shiga labarin shi ne, yanzu 'yarsa ce ke taje masa kai, don hannun ba ya wuce kafaɗa. Wannan kuwa, in ji shi, tsufa ne.

Abokinsa Tiburcio, wanda kowa ke kira Bahago, ya ajiye tasa ƙwayar da hagu a hankali.

Sai ga Wilkin, jikan Don Nicanor, ɗan shekara sha bakwai, da jaka a kafaɗa. Yau da yamma masu neman 'yan wasa daga Amurka za su zo filin unguwa su ga jifarsa, damar da duk gidan ya daɗe yana jira.

"Zo nan, ɗan nema. Kawo hannun in ji ko ya nuna," in ji Don Nicanor.

Al'adarsu ce tun yaron yana ƙarami, tsohon ya matsa masa damtsen dama kamar mai taɓa mangwaro a kasuwa. Yau sai Wilkin ya yi dariya ya miƙo hagu.

"Na daman na Turawa ne yau, Tsoho, ba a taɓawa. Ka dai zo da wuri. Ka san ba na hawa tudun jifa sai ka sa min albarka."

Ya karɓi lemo a wajen mai kanti da hannun hagu, ya tafi. Warin man zafi ya daɗe a wurin bayan fitarsa.

"Ka ji warin nan?" in ji Tiburcio.

"Man zafi ne. Wa ba ya shafawa?"

"Mai yawa haka? Ni ma haka na labta ranar da muka kara da 'yan wasan garin Consuelo."

Don Nicanor ya manta, ko kuma ya daɗe da barin kansa ya manta, cewa Tiburcio ba bahago aka haife shi ba. A tsararsu babu mai jifar da ta kai tasa zafi. A wancan wasa wani abu ya tsinke masa a gwiwar hannu, ya daure ya ƙarasa, don namiji ba ya cewa a fitar da shi. Babu wanda ya ce Tiburcio ya ji ciwo. Cewa aka yi ya bar wasa.

"Kullum kana cewa mu ba ma karyewa," in ji Tiburcio, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Karyewa muke yi, mutumina. Ba a nuna mu a talabijin ne kawai. Mu koma gonar rake, a kawo wani. Ina Eusebio? Ina ƙanen matarka? Kai ne ka tsira, shi ya sa bakinka ke da ƙarfi. Yaron nan kuwa tun yana rarrafe yake jin wannan baki."

Don Nicanor ya bar wasan a tsakiya, abin da bai taɓa yi ba, ya tare ɗan acaɓa. A hanya tsoro ya kama shi ta fuska biyu. In ya hana yaron jifa, wataƙila mutanen nan ba za su sake dawowa ba, kuma shi zai kalli idon 'yarsa, uwar yaron, ya gaya mata. In ya ƙyale shi, wataƙila wata rana unguwa ta sami wani Bahago.

Ya tarar fili ya cika. Baƙin suna bayan raga da na'urar auna gudun ƙwallo, mai horar da Wilkin yana ta kai da kawo yana washe musu baki. Yaron ya rugo bakin shingen waya, ya sunkuyar da kai.

"Kaka, a sa min albarka."

"Taɓa kafaɗarka ta dama da hannun dama tukuna."

"Haba, Tsoho, jirana ake yi."

"Taɓa."

Wilkin ya lanƙwasa hannun. Kafin yatsun su kai rabin hanya fuskarsa ta yamutse, ya cije leɓe.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ba komai ba ne, zan iya."

"Na san za ka iya. Amma ban sa maka albarkar hawa tudun nan ba yau. Asibiti za mu."

Idon yaron ya kawo ruwa don takaici. "Kai fa ka ce mu ƙwai ne! Kai ka ce namiji ba ya cewa a fitar da shi!"

"Ni na ce."

Mai horarwa ya ƙwala kiran Wilkin, ya sake ƙwalawa. Yaron ya dubi tudun, ya dubi kakansa. Babu abin da zai hana shi juya baya ya hau, kuma Don Nicanor ya san haka. Can sai Wilkin ya zagayo ta ƙofar waya, ya danƙa wa kakansa ƙwallon da zai jefa da ƙarfi a tafin hannu.

"To, kai ka mayar musu, Hannun Ƙarfe."

Tsakaninsu da mai horarwa ba wata tazara ba ce, yaron firamare ma zai kai. Don Nicanor ya gyara tsayuwa irin ta da, ya ja hannu baya iyakar inda ya yarda ya je, ya jefa. Ƙwallon ya faɗi kusa da takalminsa, ya gangara kaɗan a cikin ciyawa, ya tsaya. Babu wanda ya yi dariya a filin.

Wilkin ya daɗe yana kallon ƙwallon. Sannan ya cire jakarsa, ya rataya a kafaɗar hagu.

"Mu je, Tsoho," in ji shi. "In mun isa asibitin, hannunka za su fara dubawa."