Inci Uku a Sawun Giwa

"Giwa biyar? Saboda ɓarnar guda ɗaya za ku kwantar da biyar?"

Tari ya sarƙe Mai Sawu kafin ya rufe baki. Tela, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, ya tallafo kafaɗarsa ya gyara masa matashi. Wata huɗu ke nan ciwon ƙirji na cin tsohon. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana bin sawun namun daji wa ma'aikatar gandun daji, yau ko kofin ruwa sai an riƙe masa.

Baƙi biyu ne a ɗakin. Jami'in gandun daji yana zaune a kujerar roba da fayil a cinya. Dogo, maharbin da ma'aikatar ke kira idan za a rage dabbobi, yana jingine da ƙofa yana sakace.

"Baba, ba ni na yanke ba," in ji jami'in. "Gonaki goma sha ɗaya a sati biyu. Mai gadin wata gona yana asibiti da karaya. Manoma sun rantse in ba mu yi wani abu ba za su zuba guba a tafki."

"Sun yi yawa ne kawai, dajin ba ya ɗaukar su," Dogo ya ce. "Kai ma ai ka harba, Baba. Nawa ne ma?"

"Sha bakwai. Kuma kowace na san abin da ta yi. Kai yawansu ka sani, ba ka san wace ce ba."

Dogo ya yi dariya ya tofar da tsinken. Jami'in dai mai kunya ne, ya daɗe yana juya biro, sannan ya ce idan Baba ya faɗi mai ɓarnar kafin gobe da rana, zai sa hannu a kan guda ɗaya. In ba haka ba, biyar ɗin na nan.

Da suka fita tsohon ya juyo da ido. "Mai almakashi, tef ɗinka na wuyanka?"

"A'a, Baba, rufa mini asiri! Ni da ko saniya ba na matsawa kusa da ita? Ga kayan makaranta jibge sun cika mini shago."

"Ba giwa za ka auna ba, matsoraci, ramin ƙafarta ne. Ƙafar gaba, mai zagaye kamar faranti. Ka zagaye ta da tef ka kawo mini lamba. Na san ƙafar kowa a garken nan."

'Yar tsohon, wadda ta baro gidanta ta zo jinya, ta leƙo da tsumma a hannu, ta dubi Tela. "Yaya, ka taimaka. Tun jiya ya ƙi shan komai saboda maganar nan."

Ina Tela zai sa kansa? Da safe ya hau babur yana mita har gonar ƙarshe da aka shiga. Kai, ɓarna ta yi ɓarna. Masara kwance, shinge a tattake, mai gonar yana biye da shi yana zagin giwa da ma'aikata da duk wanda ya haifi mai fayil. Tela ya sami sawu mai kyau a bakin kwata, ya durƙusa cikin laka da wandonsa mai guga, ya kwantar da tef a hankali ya zagaye. Yana cikin dubawa wani reshe ya karye a cikin duhuwa, ƙas! Bai tsaya tambaya ba. Ya rubuta lamba a littafin awonsa, ya bar takalmi ɗaya a laka.

"Arba'in da tara," ya faɗa wa tsohon yana haki.

Mai Sawu ya ɗago kai daga matashi. "Ka tabbata?"

"Haba Baba! Shekara ashirin da biyar ina awo."

"Bayan sawun fa? A shafe yake ko da tsaga-tsaga?"

"Laka ce, ban ga komai ba."

Tsohon ya kalli silin. "Na ɗauka ɗan iskan toron giwar nan ne mai guntuwar wutsiya, nasa arba'in da shida. Arba'in da tara kuwa mutum ɗaya ce, uwar garke." Mutum ya kira ta, kuma bai gyara ba. "Ita ke riƙe su. Ita ta san inda ruwa yake idan ko'ina ya ƙafe. Wannan ba halinta ba ne, wallahi ba halinta ba ne. Amma tsufa na canza kowa."

Da jami'in ya zo da rana, tsohon ya faɗa masa, fuskarsa na kallon bango. Jami'in ya soke biyar ya rubuta ɗaya, ya yi godiya har da rusunawa.

Washegari da hantsi Tela na shago, wani direba ya zo ɗinkin riga. Ya zagaye masa ƙirji, tef ya nuna arba'in. Ya sunkuya ya rubuta arba'in da uku, kamar kullum, inci uku na sakewa don kada riga ta matse mutum. Hannunsa ne ke ƙarawa, kansa ma ba ya sani. Sai biron ya tsaya. A saman shafin ga arba'in da tara, da yatsan laka a gefe. Kuma ya tuno babban yatsansa jiya a kan tef, ƙarara, a kan arba'in da shida.

"Innalillahi!"

"Lafiya? Ƙiba na yi?" direban ya tambaya. Tela ya bar shi tsaye da hannuwa a buɗe.

A ofishin gandun daji wani magatakarda ya samu yana cin gyaɗa. Oga ya fita da su Dogo tun da sassafe. Waya? Ba ta shiga a cikin daji. Rediyon da suke magana da shi fa? Yana nan, amma mai kula da shi ya tafi gyaran haƙori da makullin a aljihu.

"Ka rubuta ƙorafi ka bari," in ji magatakardan.

"Ƙorafin me? Kashe ta za su yi yanzu!"

"To ni me zan yi maka, in bi su da gudu?"

Tela ya ji kamar ya kife teburin. Ya ja babur har ƙofar gandun, minti arba'in a hanya mai ramuka. Mai gadin ƙofa ya sauke ƙarfe ya ce ba mai shiga sai da takarda, yau ma musamman, ana harbi. Tela ya roƙa, ya rantse, ya buɗe littafin awo yana nuna masa lambar kamar zai gane. Mai gadin ya duba da kyau ya ce shi ma yana da yadi a gida, nawa ake ɗinka wando?

Suna cikin haka suka ji. Ƙara ɗaya daga nesa, mai nauyi. Can kuma ta biyu. Tsuntsaye suka tashi daga kan itatuwa, mai gadin ya ce, "An gama ke nan."

A hanyar komawa ya shirya ƙarya kala uku. Mutum na bakin mutuwa, me za a ƙara masa? Amma da ya shiga ɗakin ya ga idon tsohon a kan ƙofa, duk suka zube.

"Ta faɗi?"

"Ta faɗi, Baba." Ya durƙusa a gaban gadon. "Arba'in da shida ne. Ni na ƙara uku. Hannuna ne, yadda nake yi wa riga. Na bi su, wallahi na bi su, aka hana ni shiga."

'Yar ta dafe baki. Tela ya jira zagi, yana ma so a zage shi. Tsohon ya daɗe yana jan numfashi, ƙirjin na kuka.

"Ni na kira sunanta ban ga sawu da idona ba," ya ce. "Shekara arba'in ban taɓa yi ba." Ya huta. "Toron zai koma gona. Su ce tsoho ya ruɗe. Su ɗauko biyar ɗinsu, kuma yanzu ba mai riƙe garken." Ya kamo hannun rigar Tela da ɗan ƙarfin da ya rage. "Ka gaya wa yaron nan mai fayil. Guntuwar wutsiya. Shi kaɗai."

"Zan gaya masa yanzu."

"Yaya, zauna," 'yar ta ce a hankali. "Ba su dawo ba tukuna. Zauna."

Ya zauna. Rana na karkata numfashin tsohon ya yi ta nisa da juna, har aka jira na gaba bai zo ba. 'Yar ta shafa masa ido, ta cire hannunsa daga rigar Tela yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin yamma an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Layin kuwa ya cika da hayaniya, motar ma'aikata ta dawo ana rabon nama, mata da maza na wucewa da robobi a ka, suna rage murya idan sun zo daidai gidan. Dogo ya iso da kansa, rigarsa duk jini, ɗauke da babban kwano. Bai ji labari ba sai da ya ga tabarmi. Ya ajiye kwanon a bakin ƙofa ya cire hula.

"Rabon mai bin sawu ne na kawo masa," ya ce. Ya tsuguna kusa da Tela. "Ban taɓa ganin irin na yau ba. Da ta faɗi ba wadda ta gudu. Kewaye ta suka yi suna ɗaga ta da hanci. Sai da muka kunna motoci muka yi ta hon."

"Ba ita ba ce," Tela ya ce. "Toro ne mai guntuwar wutsiya. Ni na ɓata awon. Ya ce a gaya wa oga, shi kaɗai."

Dogo ya kalle shi, ya kalli ƙofar ɗakin. "Sai ka zo ofis gobe ka faɗa da bakinka. Amma in aka sake shiga gona kafin nan, ba mai sauraron tela."

Ya mayar da hularsa ya tafi. Masu gaisuwa suka ci gaba da zuwa, kowa ya iso bakin ƙofa sai ya tattare riga ya raɓa ta gefen kwanon. Ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya rufe shi, ƙudaje suka sauka a kai.