Takalman Minista

Tun da aka fara nuna shirin a talabijin sunanta na yanka ya ɓace. Kowa Minista yake ce mata, har mai gyaran mota, har Ummanta in tana jin tsokana. A cikin shirin ita ce ministar kasuwanci, mace mai kafiya, wadda ta lafta haraji a kan takalman da ake shigowa da su daga waje don masu ɗinki na gida su samu su numfasa. A cikin shirin kuma tana da wa, ɗan kasuwa mai shigo da takalma kwantena-kwantena, wanda ya daina gaisawa da ita saboda wannan doka.

Marubucin bai sha wahalar ƙirƙirar labarin ba. Ita ce da bakinta, wajen shan shayi, ta ba shi labarin gidansu. Babansu ya yi ta ɗinkin takalma har idonsa ya gaza. Auta ya gaji shagon, yana zaman korar ƙuda. Yaya kuwa ya gano takalmin waje ya fi saurin shiga, ya kama shi hannu bibbiyu, ya yi arziki. Marubuci ba mutumin da ake hira a gabansa ba ne. Ya yi ta gyaɗa kai kamar mai tausayi, ashe kwashewa yake yi.

Ofishin ministar ɗakin katako ne mai bango uku a cikin wani tsohon sito. Wayar da ke kan teburin ba ta haɗe da komai. Kyamara daga ƙugu zuwa sama take ɗauka, shi ya sa duk manyan gwamnatin nan masu kwat, in ka leƙa ƙarƙashin tebur silifas za ka gani.

A bakin wannan tebur darakta ya tare ta yana sosa ƙeya.

"Mun samu mai ɗaukar nauyin shirin," in ji shi. "Yayanki ne, na gaske. Amma da sharaɗi."

Sharaɗin shi ne, a kashi na ƙarshe minista ta fito gaban 'yan jarida ta janye harajin, ta nemi gafarar wanta, sannan ta faɗa da bakinta cewa takalmin gida ba shi da ƙarko.

"In na ƙi fa?"

"Sai shugaban ƙasa ya sauke ki, mu naɗa wani. Kin san halin da muke ciki, ko man janareta da ƙyar muke saya."

Ta ɗauki jakarta ta nufi rumbun Yaya, ta same shi tsakanin kwalaye har rufi, warin sabuwar roba ya cika wurin.

"Yaya, wasa ne fa. Wasan kwaikwayo."

"Wasa a wurinki. Ni a kasuwa Mugun Wa ake kirana. 'Ya'yana ba sa iya ɗaga kai a makaranta." Ya ɗauko wani ƙaramin baƙin takalmi ya ajiye a gabanta. "Mai gadin da ke da yara shida, da me zai tura su aji? Da na Auta, wanda ɗinkin ƙafa ɗaya ke cin mako?"

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce, kuma ita ba ta iya musun gaskiya ko da a bakin wanda take fushi da shi.

"Na yarda," ta ce. "Bari minista ta cire haraji daga takalman yara 'yan makaranta. Bari ta je gidan wanta ta gaishe shi, ai ƙanwa ce. Amma in tsaya duniya na kallona in ce aikin Baba ba shi da ƙarko, wannan kam a'a."

"Ba sunan Baba a ciki."

"Umma za ta ji shi ko babu."

Yaya ya sha mur. Ya ce ko ta faɗa yadda yake so, ko kuma kada ya ƙara ganin ƙafarta a gidansa. Umma kuwa a gidan nasa take zaune. Minista ta fito cikin fushi, tsoro kuma na nan a ƙarƙashi, don ba ta da wani aikin in wannan ya tafi, kuma ta san ba a rububin mace mai shekarunta a wannan sana'a.

Washegari ta ce wa darakta ya sauke ta. Ya roƙe ta, ya turo marubuci ya roƙe ta, ta kafe kai da fata. Abu ɗaya ta nema: tunda korarriya ce, a nuna ta tana fita daga ofis da ƙafarta.

Wannan ya sa dole a ja kyamara baya a ɗauke ta daga sama har ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba. Aka shiga neman takalma ga manyan gwamnati, sakataren dindindin ya ari na mai kula da fitilun ɗaukar shirin. Ita kuwa ta zo da nata a jaka: na fata, ruwan ƙasa, tsofaffi, ta goge su har suna ɗaukar ido. Su ne na ƙarshe da Baba ya ɗinka, lokacin idonsa ya fara tafiya, shi ya sa ɗinkin ƙafar hagu ya ɗan karkace.

Ta ajiye alƙalami, ta miƙe, ta zagaye tebur ta kama hanyar ƙofa ba gaggawa. Mai kyamara, ba wanda ya sa shi, ya sunkuyar da ita ya bi sawunta har ta fita. A ɗauka ɗaya aka gama. Daga nan ta tattara kayanta, aikin ya ƙare.

Ranar da za a nuna kashin, da yamma, ta tafi gidan Yaya. Ya gan ta a ƙofar falo ya haɗe rai.

"Ba na ce..."

"Ka ce, Yaya. Amma gidan da uwata take ba a hana ni shiga."

Ta cire takalman a bakin ƙofa ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Umma. Aka kalli shirin ba mai tari. Aka sauke minista, ta miƙe, kyamara ta sauka kan ƙafafunta. Umma ta matso gaba, ta gyara tabarau.

"Ɗinkin Babanku ne," ta ce a hankali. "Ga karkacewar nan." Ta juya wajen Yaya. "Kai ka zura masa zaren, ka tuna? Ba ya ganin kafar allura, ka zauna kusa da shi kana zura masa har ya gama."

Sai ga tallar Yaya ta shigo da kiɗa, takalma masu sheƙi suna juyi a allo. Bai kalla ba. Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya ɗauki ƙafar hagun ya juya ta, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Bai ce ta koma aiki ba, ita ma ba ta tambaya ba.

"Dunduniyar ta cinye," ya ce, bai juyo ba. "Ki kai wa Auta ya gyara. Kada ki ba wani."