Ba Wannan Ba

Babu wanda ya san masu ƙafa ɗaya a layin kamar mai gyaran takalmi, don su ne ke kawo masa takalmi wari guda. Shi ya sa da ƙafarsa ta hagu ta yi sanyi ƙalau, ƙaramin yatsa ya yi baƙi, ya tabbata yanke ta za a yi. Likita ta ce ciwon suga ya toshe hanyar jini. Za a zura siririyar waya cikin jijiya, a hura ɗan balan-balan a buɗe wajen, in an dace ba sai an yanke ba. Ya gyaɗa kai kawai, tsoro ya riga ya toshe masa kunne.

Ranar aikin ya jefa takalmin hagu a kwandon shara, wai ya gama amfani. Sannan ya lakato baƙin man takalmi ya rubuta a cinyar dama: BA WANNAN BA.

"Malam, allo ka zama?" in ji matarsa, tana dariya.

Idonsa biyu aka kwantar da shi ƙarƙashin wata ƙatuwar na'ura. Sai ya ji ana goga magani a matsematsinsa na dama, daidai saman rubutun. Allura ta shiga.

"Likita! Hagu ce! Ba ku iya karatu ba?"

"Mun karanta, Baba. Ta nan wayar za ta shiga, ta zaga ta sauka hagu. Kada ka motsa."

Bai yarda ba ko kaɗan. Ɗaya ta lalace, ga shi sun taɓa mai lafiyar. Ya kama salati, shi ma ya kasa fita daidai. Can sai ƙwaurin hagu ya ɗauki ciwo kamar an matse shi da filaya. Ya ce shi ke nan, an fara.

"Jini ya wuce," in ji likita. "Ƙaramin yatsan ba zai tsira ba. Ƙafar kuwa taka ce."

Da aka mayar da shi ɗaki ya kasa duba ƙarƙashin mayafi. Matarsa ce ta sa hannu ta kama tafin ƙafar, ta daɗe ba ta saki ba.

"Da ɗumi, Malam."

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ita kuwa ta buɗe jaka, ta zaro takalmin hagu da ta tsinto daga shara, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.