Abin da Gidan Zabdi Ya Ba Sarki

Tun da aka naɗa sarki a Isra'ila, babu wanda ya yi asarar ko igiyar takalmi a garinmu Ayin-Zayit. Zabdi ne ya tabbatar mana da haka, kuma ya fi kowa sani, don yana cikin dattawan da suka je wurin tsohon alƙalin da ke shugabantar Isra'ila a lokacin suka ce a ba mu sarki kamar sauran al'ummai. An ce tsohon ya daɗe yana lissafa musu abin da sarki zai riƙa karɓa. Zabdi ya ce rigimar tsufa ce.

"Alkawarin Ubangiji yana nan daram," haka yakan ce a ƙofar gari, hannunsa a kan tumbi. "Sarki mai gadinsa ne kawai. Ranar da sarki ya yi kira kuwa, ni zan fara miƙewa."

Sarki ya yi kira bayan girbin alkama. Ya aiko wani dogon saurayi mai suna Mikri, riƙe da mashin ƙarfe irin wanda muka saba gani a hannun abokan gabanmu Filistiyawa, daga nesa. Ba wanda ya san yadda ake gaida ɗan saƙon sarki. Wasu suka durƙusa, wasu suka tambaye shi lafiyar uwarsa. Saƙon gajere ne: kowane gida zai ba da namiji ɗaya don yaƙi.

A gidanmu abin bai yi zafi ba, dama ƙanena yana neman hanyar rabuwa da fartanya. A gidan Zabdi ne matsalar take. Shi 'ya'ya mata ya haifa. Matashi ɗaya ne a gidan, Elyada, ɗan ƙanensa marigayi, kuma uwar yaron, Hogla, ba ta da kowa sai shi.

Ta fito daga wurin niƙa da gari har gwiwar hannu, ta tarar Mikri ya riga ya riƙe yaron.

"Yaya, yi magana mana," ta ce wa Zabdi. "Kai ka ɗauko mana sarkin nan."

"Ke, koma ciki. Wannan maganar maza ce."

"Namiji ɗaya na ga ana magana a kansa, kuma ni na haife shi." Ta juya wurin Mikri. "Ɗana, a garinku ba a koya muku doka ba? Wanda ya dasa inabi bai ci 'ya'yansa ba, ba ya fita yaƙi. Gida yake komawa, kada ya mutu wani ya ci."

Kowa ya san wannan dokar. A zamanin alƙalai, da an busa ƙahon yaƙi, rabin mazan gari sukan tuna sun dasa inabi. Bambancin kawai, Elyada ya dasa da gaske. Ga gonar can a gefen tudu ana hangowa, ba ta ma kai shekarun da aka halatta cin 'ya'yanta ba.

Mikri ya sosa ƙeya. "Iya, na san da wannan. Amma wancan zamanin alƙalai ne. Sarki bai ce mini komai a kan inabi ba."

Duk surutun da muka sha a ƙofar gari, ba wanda ya taɓa tambaya ko alkawarin nan yana aiki ranar da mai mashi ya zo. Yanzu ga mai mashi, ga hannun yaro a hannunsa.

"Yaya," in ji Hogla, "faɗa masa abin da kake faɗa mana kullum. Wa ke gadin wa?"

Zabdi bai taɓa ganin taro ya bar shi ya wuce ba. Ya gyara mayafi, ya faro tun fitowarmu daga Masar, ya ratsa hamada, ya haye kogin Urdun, har ya iso kan gonar Elyada. Ya rufe da cewa sarkin da ya taɓa mai sabon inabi, da Ubangiji yake faɗa.

Mikri ya saki yaron da saurin da ya nuna dama uzuri yake nema. "Ina wurin ranar da tsohon alƙali ya yi addu'a aka yi tsawa da ruwa a tsakiyar girbi," ya ce. "Ba da ni za a sake gwadawa ba." Hogla ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe ƙafar ɗanta tana dariya da hawaye.

"Sai dai gidan nan zai ba da wani," in ji Mikri. "Baba, an ce kai ne za ka fara miƙewa."

Dokar tana da wata ƙofa: duk wanda zuciyarsa ta karaya, ya faɗa a gaban jama'a ya koma gida. Wani ya yi ihu daga baya, "Zabdi, akwai ta matsorata ma! Buɗe baki kawai!" Aka fashe da dariya.

A yi masa adalci, ya miƙe. Ya ɗauki lokaci, gwiwoyinsa suka yi ƙara, amma ya miƙe. Mikri ya dubi tumbin, ya dubi gwiwoyin.

"Baba, abincinka kaɗai zai karya runduna, kuma Filistiyawa ba za su tsaya jiranka ba. Dabbar ɗaukar kaya ta fi mana amfani."

Daidai nan Tirza, matar Zabdi, ta hauro daga maɓulɓular da ke gindin tudu, tana kora jakinta da salkunan ruwa. Da shi ta zo daga gidan ubanta.

"Sarki ya ɗauka!" in ji Zabdi. "Gidana ba ya rowa."

Tirza ta dubi mijinta, ta dubi Hogla da ke ƙasa. Ta sauke salkunan da kanta, ta miƙa wa Mikri igiya, ta ce masa jakin ba ya son a doke shi a kunne.

Da yamma Hogla ta toya gurasa da man zaitun ta raba wa kowa. Aka yi ta gode wa Ubangiji da bai janye alkawarinsa ba duk da mun nemi sarki.

Washegari Zabdi yana ƙofar gari tun da sanyin safiya, yana bayyana yadda ya tsaya tsakanin sarauta da doka ba tare da kowa ya rasa ko igiyar takalmi ba. Tirza ta zo wucewa da tulu a ka. Ta gaida dattawa, ta gyara gammo, ta kama gangara.