Jar Motar Ɗangana

Yayana Ɗangana mutum ne mai taurin kai, kuma a kan motarsa abin ya fi fitowa. Tsohuwar jar mota ce da ya sayo a Kwatano, yana jigilar fasinja da ita tsakanin Malanville da Guéné. Tun da matarsa Fa'iza ta haye Gaya jinyar mahaifiyarta, ya daina lodi ranar Juma'a. Da hantsi zai wanke motar, ya shafa mata man sheƙi, wanda ke cike ƙananan ƙarce har fenti ya koma kamar sabo, sannan ya bi da kaki ya goge. An sauko daga masallaci sai bakin kogi, inda kwale-kwale ke sauke masu hayowa daga Gaya tun da aka rufe gadar iyaka. Can zai tsaya har la'asar, ya dawo kujerar gaba babu kowa.

Ni ke sayar masa da kakin, don shagon kayan mota nake da shi a bakin kasuwa. Ranar garin nan kuwa ba ta raga wa kaki. Kafin ka ce me ta cinye shi, fenti ya dushe, a koma gidan jiya. Ran nan na gaji, na ɗauko masa kwalbar ruwan rufi, irin marar launin nan da ke bushewa a kan fenti ya yi watanni.

"Yaya, ka bar wahal da kanka. Wanga in ka shafa, sai damina ta wuce bai tashi ba."

"Mi za ni yi da mai daɗewa, Ummu?" ya ce. "Bai da ƙyallin kaki. Fa'iza na tahowa satin ga, so nike ta hango jan tun daga tsakiyar ruwa."

Satin ga! Haka muka yi ta jin satin ga har mahaifiyar Fa'iza ta rasu, Allah ya jiƙanta. Muka haye gaisuwa, muka dawo ba tare da Fa'iza ba, wai sai an yi sadakar arba'in. Aka yi, shiru. Babu faɗa, babu saki, babu wanda ya ce wa wani komai. Wayarta dai ta yi ta gajarcewa. Na ji haushinta ƙwarai, amma ƙarya nake in na ce ban yi kewarta ba. Ita ce ke zama bencin shagona da rana tana yi wa masu saye tsiya, muna ɓare gyaɗa.

Wata Laraba Bukari mai kwale-kwale ya iso da saƙo. Fa'iza ta samu rumfa a kasuwar Gaya, ta ce a aika mata keken ɗinkinta. Na so in yi magana, Yaya ya ɗaga mini hannu. Da kansa ya naɗe keken da bargo don kada ya bugu, ya sa a mota ya kai bakin ruwa.

Ranar Juma'a ya shigo shago, bai zauna ba.

"Ba ni na kwalbar."

Na miƙa masa, zuciyata ta karye. Na ce, "Amma ka san ba ya kamawa bisa man sheƙi. Maiƙo gare shi. Sai an wanke tas, an koma ga fenti tsirara."

"To, mu wanke."

Na rufe shago na bi shi gida. A inuwar mangwaro muka kama aiki da sabulun wanke kwano, shi gefe ni gefe. Ƙyallin da ya yi ta tarawa ya bi ruwa ya tafi, motar ta fito da shekarunta: nan ƙahon sa ya goga a hanyar Madécali, can buhun albasa ya ja. Ina ta mita, shi yana ta wankinsa.

Da na zagayo ƙofar gaba ta fasinja sai na tarar da shi tsugune. Kewaye da mariƙin ƙofar akwai siraran layuka masu lanƙwasa, birjik, wani kan wani. Ban tambaya ba, na gane. Aikin awarwaron azurfar Fa'iza ne, wanda ba ta cirewa ko wanka za ta yi. Duk buɗe ƙofar da ta yi sai ya ja fenti, shi kuma yana binsa da mai yana rufewa, bai taɓa tsayawa ya duba ba.

"Akwai man cin ƙarce a shago," na ce a hankali. "Bari in ɗauko, yanzu za mu shafe shi."

Ya daɗe yana bin layukan da ɗan yatsa.

"A'a, Ummu. Kin ce wanga in ya bushe ba ya tashi?"

"Sai bayan damina."

Ya buɗe kwalbar, ya ɗiga a tsumma, ya fara daga wannan ƙofar.